Kaciyar Mai Sunanka

Zuwa ga mahaifina, marigayi wanzamin unguwarmu ta Salaga,

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa ce ta ɗa zuwa ga uba, da fatan kana cikin rahama.

Bayan gaisuwa, Hadiza matata ta haihu a gidansu a Yendi. Namiji ne, kuma sunanka za mu sa masa. Ina kasuwar shanu a Bawku aka buga mini waya, na hau mota ko hula ban ɗauka ba. Amma tun da na ga likita hankalina bai kwanta ba.

Ƙofar fitsarin yaron ba ta fito a ƙarshen azzakarinsa ba, ta tsaya daga ƙasa. Likita ta ce bututu ne ke tasowa daga mafitsara, ya bi tsawon gaban har ƙarshe, shi kuwa nasa bai kai ba. Za a gyara in ya yi ƙwari, amma da fatar loɓar ake ƙarasa bututun. In aka yi kaciya yanzu, an zubar da abin gyara ke nan.

Ga shi jibi suna. Ƙaninka Baffa Idi ya taso daga Salaga da zabirarka, duk wanda ya gamu da shi sai ya ce masa askar yayansa ce za ta yi wa jika kaciya. Ka san Baffa, ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana. Ni kuma ban taɓa ce masa a'a ba. Tsoro nake ji, Baba. In na yi shiru, na cuci yaron. In na yi magana a taro, mutanen zango, unguwar Hausawa, za su laƙa masa sunan da zai bi shi har ya yi gemu.

Na tuna yadda kake tsokanata: “Hannunka rawa yake, je ka bi shanu.” Har yau rawar yake yi.

Na kuma tuna ba ka buɗe zanen jariri sai ka kori kowa daga zaure, har liman. Kakan ce, “Wannan sirrin mai shi ne.”

Haka zan yi. Zan ja Baffa zaure mu biyu, in rufe ƙofa, in faɗa masa. In ya yi faɗa, ya yi. Jibi askarka za ta sauke gashin kan jikanka, daga nan ta koma zabira ta jira.

Allah ya haskaka kabarinka, ya ba mai sunanka lafiya, ni kuma ya tsayar mini da muryata a gaban Baffa.

Ɗanka mai rawar hannu,
Salisu