Zanen Inna ya koma shuɗi

Daren Alhamis, Ƙanƙara

Na kasa barci don murna. Yau na yi magana a gaban babban mutum, muryata ma ba ta yi rawa sosai ba.

Tun da aka juye kaset ɗin bikin marigayiya Inna cikin waya, sau ɗaya Baba ya kalla, ya kife wayar. Mai shagon da ya juye shi ya ƙara haske har Inna ta zama fara tas, shuɗin zanenta ya koma kore. Ni ban san fuskarta ba, ina goye ta rasu, amma zanen yana nan cikin akwatin Goggo.

Da muka tashi daga makaranta na naɗe shi a jakata na tafi shagon.

Na ce, "Malam, wannan ne zanen da ke jikinta. Don Allah a bi launinsa."

Ya yi dariya. "'Yan mata, kowa so yake a haska masa amarya. Ke kaɗai kika zo a rage."

"Ba amarya muke nema ba, Inna muke nema."

Ban san inda na samo maganar ba. Ya kara zanen a jikin kwamfuta yana rage hasken a hankali. Shuɗin yana dawowa, fuskarta tana ƙara duhu.

Bayan la'asar na kai wa Baba wanda aka gyara, ya kalla har ƙarshe. Ya ce, "Yawwa, ga uwarki nan." Sai ya daɗe yana dubana.

Sau uku na duba madubi. Ashe baƙin nan nawa da ake tsokanata da shi a aji, nata ne.