Mai Buga Mana Ƙofa da Hantsi

Litinin, 8 ga Satumba

Rubuta, Jikalle. Yadda na faɗa, kar ki gyara min baki. Na ce a riƙa rubutawa ne don in ta Allah ta kasance a ƙasar nan, mutanen gida su san yadda aka yi. Kina dariya ko? To yi.

Ni dai reno aka kawo ni. Jikata Jikalle, mai rubutun nan, ce ta samu karatun haƙori a ƙasar waje. Mijinta aiki ya riƙe shi, uwarta ta riga mu gidan gaskiya, ga 'yarta Takwara ko yaye ba a yi ba. Aka duba gabas aka duba yamma, sai ni. Tsohuwar da haƙoranta suka gama yi mata sallama, ita aka ɗauko aka kawo garin karatun haƙori.

Gidan da muke ciki da falo ne, can saman bene. In ka leƙa taga motoci kamar ƙwari. Ba na leƙawa. Ƙofar ita ke rufe kanta, in ta rufe kuma sai da makulli, ko kai ne mai gidan. Ban taɓa ganin ƙofa mara kunya irin wannan ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Yau Jikalle ta fara shiga aji. Ta bar min waya da hotonta a kai, ta ce in wani abu ya faru in danna mata fuska. Tana fita ƙarfen da ke jikin bango ya fara ƙas, ƙas, kamar ana fasa shi daga ciki. Na danna. Ta dawo tana haki da farar rigarta. Wai na ɗumama ɗaki ne, haka yake yi in ya fara ɗaukar zafi. Ai da sai a gaya wa mutum.

Alhamis, 11 ga Satumba

Banɗakinsu akwai wani dogon farin baho kamar makara, ga santsi. Wai a ciki ake wanka. Na ce ni da raina ba zan kwanta a ciki ba. Ta ce dole. Na ce to. Na samu dabarata, sai kin fita nake wankana, ba ruwanki. Rubuta haka nan, kar ki tambaye ni.

Asabar, 13 ga Satumba

Ba rana, ba ruwan sama. Ko gabas sai da waya ake nemo ta.

Talata, 16 ga Satumba

An buga ƙofa. Da hantsi, na gama wanka ke nan ina shafa wa Takwara mai. Ba a yi sallama ba, bugu kawai. A tsaya, a sake. Na toshe wa yarinya baki da zanena, na danna. Kafin Jikalle ta iso mai bugun ya tafi. Jiya ma haka aka yi. Ta ce ƙila mai kawo saƙo ne. Ta nuna min 'yar hudar da ake leƙawa a jikin ƙofa. In sa idona, wani ido ya kalle ni ta can? A'a.

Kar ki yi min wannan kallon, 'yar nema. Da kunnena na ji.

Juma'a, 19 ga Satumba

Yau Mai Gilashi ce ke rubuta min, 'yar garinmu ce, ajinsu ɗaya da Jikalle. Ta zo gaishe ni, Jikalle ta tsaya ɗakin karatu. Gara ke, 'yar nan, zan faɗa miki abin da ba na iya faɗa mata.

Kafin mu taso, maƙwabciyata mai saida itace ta ja ni gefe. Ta ce a irin ƙasashen nan in yaro ya cika kuka, maƙwabta ke kiran hukuma, a zo a ɗauke shi, sai dai uwa ta riƙa ganinsa ta gilashi. Ga Takwara tana haƙori, kuka ba dare ba rana. To wa zai riƙa buga ƙofar baƙi kullum da hantsi, lokacin da ya san uwar ba ta nan? Satin nan ba ranar da ba a buga ba. Ba ranar da ban danna ba.

Mai Gilashi ta ajiye biro. Ta ce, Kaka, zancen mai itace dai ba haka yake ba, amma akwai wanda yake haka. Wai a ɗakin da suke koyon aiki da hannu, bibbiyu ake haɗa su, in ɗaya ya fita aikin ɗayan ma ya lalace. Babbar malamarsu ta kira Jikalle ta gaya mata, in ta ƙara fita ana tsakiyar aiki, za a cire sunanta sai baɗi. Waɗanda suka ɗauki nauyin karatunta kuwa ba sa jiran baɗi. Gida za a maido ta.

Jikalle ba ta gaya min ba. Kullum ta shigo tana haki, ta duba bayan ƙofa, ta ce, Kaka ba kowa, ta sha ruwa a tsaye ta koma.

Ɗauki biron ki rubuta: an kawo ni in riƙe mata 'ya, na riƙe mata ƙafa.

Lahadi, 21 ga Satumba

Jiya da yau Jikalle na gida, ba wanda ya buga. Ta kama ni ta cusa a farin bahon nan tana riƙe da hannuna, ina salati tana dariya. Ta ce, kin gani, tsohuwa, mai bugun naki ma hutun ƙarshen mako yake yi. Nufinta kunnena ne. Na bar ta.

Ta rame. Takardunta a kan tabarmar salla, a kan gado, har cikin kwandon kayan Takwara. Wai malaman suna magana da sauri kamar ana korarsu, rabin abin sai ta dawo gida take gane shi. Ba kuka take ba, wai mura ce. To rubuta mura, Jikalle.

Litinin, 22 ga Satumba

An buga. Ban danna ba. Na shige ƙarƙashin bargo da yarinya har aka gaji. Hannuna ya je kan wayar ya dawo ya fi a ƙirga. Ba zan iya wannan kullum ba.

Ke Jikalle, me ya sa kika daina rubutu? Wa ya ce miki na san wani abu? Ban san komai ba. Ci gaba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Mai Gilashi, zauna da kyau, na jiya doguwa ce.

Jiya ce ranar da za a gwada su a aikin hannu. Na san halina. Tana fita na ɗauki tsintsiya na tura wayar can saman kabad, inda ko na hau kujera ba zan kai ba. Na yi wankana, na wanke wa Takwara kayanta. Ban gama ɗaura zane ba aka fara bugun ƙofa. Wannan karon ba tsayawa, har da tafin hannu. Takwara ta tsala ihu. Na kalli saman kabad, na kalli tsintsiya. Na ce wa kaina, in dai ɗaukarta za su yi, sai dai su haɗa da ni. Na goya ta, na ɗaure da zane, na ƙara wani a kai, na tamke har numfashina na sarƙewa. Na karanta abin da na iya. Na buɗe.

Ba hukuma. Wata 'yar tsohuwa ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, kai fari fat, da silifas na cikin ɗaki. Tana riƙe da tukunya cike da ruwa mai dishi-dishi. Ta yi ta zuba yarensu, tana nuna tukunya, tana nuna ƙasa. Na ce mata, baiwar Allah, ban ji ba. Sai ta cafke min wuyan hannu. Ƙarfi kamar mai dakan haya. Ta ja ni, na taka waje, sai ji na yi ƙofa ta ce ƙyas a bayana. Ba makulli, ba waya, ko takalmi babu.

Ta gangara da ni matakala, ina dafa bango. Ɗakinta ƙarƙashin namu yake, komai iri ɗaya, har inda ƙarfen ɗumi yake. Sai dai ta jawo gadonta tsakiyar falo. Cikin ɗakin kwana tukwane ne da kwanuka a jere a ƙasa. Na ɗaga kai. Rufin ya kumbura ya yi ciki, ya yi rawaya, yana ɗiga. Ɗis. Ɗis. Ta miƙo min tukunyar dab da hancina.

Ƙamshin sabuluna ne. Wanda na taho da shi daga gida.

To ga dabarar tawa, tunda asiri ya tonu. Bokiti nake cikawa in tsuguna a ƙasan banɗaki in yi wankana kamar yadda kowane ɗan Adam ke yi. Nan nake wanki. Akwai wata 'yar tsaga a gindin bango, sai in sa tsintsiya in share ruwan ya bi ta nan, ya tafi abinsa. Ni na ɗauka makwarara ce. Har yabawa nake, ruwa ba ya kwana. Ashe a kan gadon baiwar Allah yake kwana.

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Na durƙusa da goyo, na kama ƙafarta. Ta ja da baya, ta ɗago ni tana faɗa. Na nuna mata da hannu, bokiti, kwarawa, shara. Ta tsaya tana kallona. Ta maimaita, bokiti, kwarawa, shara. Sai ta zauna a bakin gado ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Dariya ce.

Na nuna mata sama, na murza hannu alamar makulli, na watsa hannuwa. Ta gane. Ta ɗora shayi. Ta murƙushe ayaba da cokali ta ba Takwara, ja'irar ta karɓa kamar ta san ta. Da za ta jiƙa burodi sai ta sa yatsu ta zaro haƙoranta gaba ɗaya, na sama da na ƙasa, ta jefa a kofi. Na yi salati. Na buɗe mata nawa bakin. Ta leƙa, ta gyaɗa kai, kamar ta ce ke ma an gama da ke.

Haka muka wuni. Ita ta yi nata yaren, ni in yi nawa. Na ba ta labarin mai itace kaf, ta ce wani abu mai tsawo, ina jin ita ma da wanda take zagi. Muka kwashe tukwanen, na matse mata tsumma. Ba wanda ya ce in yi.

Gab da magariba sai na ji taku a saman kanmu. Takalmin Jikalle, na san shi. Na ji ta buɗe banɗaki, na ji ta ja labule, na ji tana kiran Kaka, Kaka, tar kamar a kunnena. Nan na gane. Ashe duk kukan da Takwara ke yi tun zuwanmu a kan matar nan yake sauka. Ba ta kira kowa ba. Da tukunyarta ta zo.

Da muka hau, Jikalle na tsaye bakin ƙofa da takalmina a hannu. Ta ƙwace 'yarta tana duddubawa, ta ba matar haƙuri da yarensu, ta juyo kaina. Kafin ta buɗe baki na ce, kin gama aikin? Ta ce ta gama. Na ce har ƙarshe? Ta ce, har ƙarshe, Kaka. Na ce to yanzu yi faɗanki.

Ta kuwa yi.

Asabar, 27 ga Satumba

Mai gyara ya zo ya toshe tsagar, ya ce sai rufin ƙasa ya bushe zai shafe shi. Ya kalle ni, ya kalli bokiti, ya yi wa Jikalle magana. Ta ƙi fassara min. Ba sai ta fassara ba.

Tsohuwar Ƙasa ta hawo da wata 'yar kujerar roba, ta dasa ta cikin bahon, ta zauna a kai da kayanta ta nuna min. Yanzu a zaune nake wanka kamar matar sarki. Har yanzu makara ce, an dai sa mata kujera.

Talata, 30 ga Satumba

Jikalle ta ce yau ta ɗaga hannu a aji, malamar ta gane abin da ta faɗa tun karon farko. Ta ci abinci har da ƙari.

Garin nan dai bai yi min ba, rubuta wannan da manyan baƙi. Ba rana, ba sallama, ba mai tambayar ya ka kwana. Titi ban taka ba, ba kuma zan taka ba. Akwatin nan mai hawa da sauka da mutane, ko gawata kar a sa a ciki.

Jikalle, gobe kafin ki fita ki nemo min igiya mai ƙwari ki rataya min makullin a wuya. Kuma ki bar madarar Takwara a 'yar jakar nan mai hannu, ba a firji ba. Ba yawo zan je ba, me kike murmushi? Rufin mutane na jiƙa, ai dole wani ya riƙa sauka yana duba ko ya bushe. Matar nan ba ta gani sosai.

Wayar kuma ki bar ta inda take, ni ba zan hau kujera ba.