Fiyus ɗin da aka cire wa Babana a Tafoki

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Haɗa Wutar Sola na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Assalamu alaikum. Alhaji, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan sana'a.

Ni malamar kimiyya ce a Ƙanƙara. Mahaifina yana Tafoki, yana da ciwon suga, kuma ruwan allurarsa sai a wuri mai sanyi. Shi ya sa bara na sa aka haɗa masa farantin sola da batir da ɗan ƙaramin firji. Na nemi a sa fiyus na zamani, wanda ke yanke wuta da kansa idan kaya sun yi wa waya yawa ko ta fara zafi, ya maido da ita idan an rage.

Ga abin da ya biyo baya. Na ɗaya. Baba ba ya iya hana maƙwabci cajin waya. Daga wayoyi aka kai ga fanka biyu da injin aski. Fiyus ya riƙa yanke wuta, wato yana aikin da aka sa shi. A gida aka yanke hukunci cewa ya lalace.

Na biyu. Aka kira wani ɗan ƙungiyarku. Bai ƙirga kayan da aka jona ba, bai duba kaurin waya ba. Ya cire fiyus, ya murɗa wayoyin wutar biyu a haɗe, ya naɗe da salatif. Wuta ta daina yankewa, ya sha addu'a da fura. Da na kira shi na yi masa bayanin haɗarin, ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya nemi in haɗa shi da maigidana. Maigidana dillalin masara ne.

Na uku. Bayan mako uku, ranar Juma'a, maza suna masallaci, wayar ta yi zafi har robarta ta narke, firji ya ƙone. Allah Ya tsare ɗakin. Ba wanda ya gaya mini, don kada hankalina ya tashi. Baba ya yi kwanaki yana allura da ruwan da ya sha zafin ɗakin kwano, har suga ya kayar da shi. A kan babur aka fito da shi asibiti, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da shi, a hanyar da ka sani.

Ba diyya nake nema ba, na gaji. Roƙona biyu ne. Ku hana mutanenku maye gurbin fiyus da guntun waya. Idan wuta na yankewa, su rage kaya ko su sauya waya mai kauri, ko da mai gida zai ɓata rai.

Roƙo na biyun ya fi damuna. Baba ya samu sauƙi, na sayi wani firjin. Amma har yau yana ganin mutumin nan gwani ne, firjin ne ba shi da ƙwari, kuma ya ce mutumin ne zai haɗa sabon. Na yi bayani har na bari. A wurinsa ni 'yarsa ce da ya sa a makaranta. Don Allah ka aiko wani dattijo cikinku ya faɗa masa abin da na faɗa. Daga bakin namiji mai furfura zai ji. Firjin na nan cikin kwalinsa, ruwan allurar kuma yana cikin randa don ya samu sanyi.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci sana'arku, Ya tsare mu da gobara.

Wassalam.

'Yarka,
Malama Hadiza, Ƙanƙara