Garmar Kawu Ta Tsinke Layin

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya mai jego da jaririya? Mu nan lafiya lau, damina ta kankama.

Na'urar intanet da ka aiko tun jiya shiru. Masu jawo mata layin waya da rani suka binne shi ta gefen gonar Kawu, kuma ba su zurfafa ba. Jiya yana huɗa garma ta tsinke shi. Ya ƙulla shi kamar igiyar akuya, wai ai ya gyara!

Na kira masu gyara har na gaji. Don Allah ka taya mu addu'a su zo kafin suna mu samu mu gan ku ta kiran bidiyo, ka gaida mai jego. Inna ta kasa zama, tun safe take sanye da sabon zane, wai kada jikarta ta fara ganinta da tsumma.

Ƙanwarka,
Ladi