Na Gyara Shayin Fada, Fada Ta Watse

Malam, ka taimake ni da shawara. Shekara goma sha shida ni ke dafa shayi a fadarmu, wato majalisar hirarmu, a rumfar ƙofar gidana nan Gaya. Da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, sun gama da duwan, wato kwastan, wurina suke yada zango. Bara likita ya ce jinina ya yi ƙasa. Na shiga karance-karance a waya, na ga masana sun ce ganyen shayi na da wani sinadari mai hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye, in an sha shi kan abinci. Mu kuwa da mun sauke cokali muke hura gawayi.

Sai na yi gyara. Cikin zagaye ukun da muke sha, na soke na farko, mai ɗacin nan, na fara daga na biyu. Na rage sukari. Kullum kafin in zuba, sai na karanta musu abin da na gano. Seyni, abokina tun muna 'yan makaranta a lakkol, ya ajiye finjalinsa cike ya tashi. Yanzu duk sun koma rumfar Dodo mai faci. Ina jiyo dariyarsu daga nan. Har yau finjali shida nake wankewa, ban san dalili ba. Ni da na nufe su da alheri?

Mai Buta, Gaya

Mai Buta, karatunka bai yi ƙarya ba. Shayi mai kauri kan abinci na rage ƙarfen da jiki ke samu, kuma sukarinmu ya yi yawa. Amfanin da ake faɗa wa ganyen ma, galibi a shayi sassauƙa aka auna shi, ba wanda ya yi rabin awa yana tafasa ba.

Amma likita jininka ya auna, ba na Seyni ba. Ka mai da mutum biyar majinyata ba su ce suna ciwo ba. Kuma a fada, hana baƙo zagayen farko tamkar ce masa ne ya tashi. Ya ko tashi. Masanan naka sun yi rubutu a kan zaman kaɗaici ma, da alama ba ka kai wannan shafin ba.

Gobe bayan la'asar, lokacin abinci ya daɗe da sauka, ɗauki butarka ka tafi rumfar Dodo. Bar wayar a aljihu. Dafa uku cif, da kumfarsu. Kai ka jira na uku, shi ne daidai da jininka. Na farkon ka miƙa wa Seyni, kada ka ce komai.

Allah ya ƙara jini, ya cika rumfa.