Mushe Mai Igiya

Gure, 12 ga Janairu 1975

Zuwa ga uwargidana Balkisu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya mai jego, yaya kuma sabon angon naki? Ki faɗa masa aro na ba shi, ana gama wanka ya maido mini matata. Mu nan lafiya lau. Iya mahaifiyarki tana gaishe ki, ciwon gwiwar nata da sauƙi. Ni kuwa tuwon maƙwabta nake ci, ina tuna ki a kowace loma, musamman mai gudaji.

Ga labari. Tun da kika tafi Damagaram mijinki ya yi sana'a. Duk shekarun da na yi riƙe da alli a lakwal, ana kirana Mushe kamar kowane malamin makarantar boko, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya don ya yaba mini. Yanzu da na ajiye allin, ko'ina na bi sai in ji ana cewa ga Mushe Mai Igiya.

Aikin ƙanenki Fannami ne. Kin san tun da shan inna ya kashe masa ƙafafu, ƙarfin duk ya koma hannu da baki. Kin kuma san buhun jar dawa da gwangwanin mai da magaze, rumbun gwamnati, ke ba shi kowane wata tun shekarar fari, rabon waɗanda ba su iya aiki. Abin da ba ki sani ba shi ne ya kewaye bayan ɗakin Iya da zana, ya kafa turke, yana tufka igiyar kaba. Sauran masu tufka da babban yatsan ƙafa suke riƙe bakin igiya, shi turken ne yatsansa. Igiyar kuwa sumul take fitowa kamar kitson amarya.

To amma Aisami mai rabo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa duk wanda aka gani da sana'a a yanke masa buhu a ba wani. Don haka Fannami ya ce ni zan riƙa kai igiyar kasuwa a matsayin tawa. Da na yi gardama sai ya ce, “Mushe, kai me za a yanke maka? Gemu? Shi ma ba shi da yawa.”

Na yarda, Balkisu, don buhun nan shi ke riƙe da Iya. Ban da haka, shi ne ya fara sa aka yi sallama a ƙofar gidan ana neman Fannami da sunansa, wannan ta roƙi tiya guda, wancan ya roƙi rabi. Mutumin da ya girma ana miƙo masa, yau shi ke miƙawa, ba zan zama sanadin raba shi da wannan ba.

Ki karanta da kanki, kada ki ba kowa. Ba don ado na koya miki baƙi da wasali ba.

Naki har kullum,
Buraima


Gure, 2 ga Fabrairu 1975

Uwargida Balkisu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan duka. Abatcha direba ya kawo mini takardarki da yajin da kika aiko. Yajin ya yi daɗi, takardar ta fi shi zafi. Na ji kin ce in buhun ya salwanta, ni da ke ne. Na kuma ga har yanzu kina faɗa da manyan baƙaƙe, amma faɗan da kika yi mini ya fito sarai.

Al'amarin ya fara fin ƙarfina. Wani makiyayi daga Alakos, Hammajoda, ya sayi igiya, ya dawo ya sake saye. Da muka gaisa sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana shafa tafin da babban yatsansa kamar mai taya akuya. Ya ce, “Mushe, Allah ya yi maka baiwa. Kaba tana cin hannun kowa, kai ta bar maka naka kamar na jariri.” Na ce man shanu nake shafawa. Ya ce lallai saniyar mai albarka ce.

Sai kuma ranar sunan gidan Garba tela. Ina shiga maroƙi ya ɗauko ni: Mushe mai igiya, mai ɗaure rijiya da baki, wanda guga ba ta taɓa yi wa gardama ba! Dole na sa hannu a aljihu na sallame shi saboda aikin da ban yi ba. Ƙanenki yana zaune a bakin tabarma, takalman hannunsa na itace a gefe. Ya yi dariya tare da kowa, har ya fi kowa. Da muka koma gida bai ci tuwo ba, ya ce wa Iya cikinsa ne.

Akwai kuma maganar Tani mai fura, wadda mijinta ya rasu a shekarar fari. Kowace ranar kasuwa Fannami yana gindin rumfarta. Takan dama masa fura, in ya miƙa kuɗi ta ture hannunsa ta ce, “Haba Fannami, bar ni in samu ladata.” Da can godiya yake yi. Yanzu sai ya dawo yana huci, wai shi ba masallaci ba ne da za a riƙa neman lada a kansa. Ke kin fi ni sanin abin da ke sa namiji ya ji haushin kyautar mace.

Na je wurin Aisami a fakaice, na ce misali wani gurgu ya fara 'yar sana'a, ba za a bar masa rabin buhu ba har ya kafu? Ba mugu ba ne, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce dokar da aka ba shi mutum biyu ta sani, wanda ba ya iyawa da wanda yake iyawa, kuma akwai tsofaffi a Gidigir da ke jiran gurbi. Na karanta littattafai da dama, Balkisu, ban taɓa cin karo da ɗan Adam da ya faɗa ɗaya cikin biyun nan ɗungurungum ba. Ni kaina rabi da rabi ne.

Ki shafa mini kan angon.

Mijinki,
Buraima


Gure, 3 ga Maris 1975

Balkisu tawa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jego da yaro, Allah ya sa kuna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. An yanke buhun.

Na jinkirta rubutu don ban san ta inda zan faro ba. Ranar kasuwa ce, Hammajoda ya zo da 'yan'uwansa, suna son doguwar igiya ta rijiya mai zurfi, irin wadda sa ke ja. Ya ce irin wannan ba a sayenta a naɗe, sai an zauna da mai tufka an ga hannunsa, don in ta tsinke da guga cike, garke ne zai kwana da ƙishi. Ya dire damin jiƙaƙƙiyar kaba a gabana ya ce, “Mushe, fara mana gaba guda mu gani.” Aisami kuwa yana tsaye a wurin, ya zo sayen igiyar ragonsa.

Na tuna kashedinki. Na cire takalmi, na maƙale kaba a yatsa, na yi bisimilla na murza. Abin da ya fito ya fi kama da hanjin kaza. Jama'a suka taru ana dariya, ban damu ba, na saba da aji. Na riga na shirya cewa sanyi ne ya kama mini hannu. Sai wani daga baya ya ce, “Ai dama na faɗa, daga Nguru ake kawo masa ita. Wa zai iya wannan aiki a Gure?”

Fannami yana rumfar Tani da ƙwaryarsa. Da ya yi shiru da ba abin da zai faru, ni kaɗai zan sha kunya, kuma na yafe. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar takalman hannunsa. Ya ratso tsakiyar kasuwa, mutane suna buɗa masa hanya. Na yi masa ido, na yi masa gira, har tari na yi. Ya ce, “Matsa, Mushe. Kana kashe mini suna tun ban yi shi ba.” Ya duba babu turke, sai ya damƙa mini bakin kabar ya ce, “Riƙe nan da kyau, yau kai ne turke.” Sannan ya ɗaga kai ya ce, “Malam Aisami, matso kusa ka gani da idonka, kada gobe a ce faɗa maka aka yi.”

Haka na zauna a rana riƙe da igiya har ya gama abin da zai nuna. Ban taɓa yin aikin da ya dace da ni kamar wannan ba. Hammajoda ya kama hannunsa ya shafa kantar, ya zauna aka shiga ciniki.

Iya ta yi kuka, ta ce ya jefar da abin da ke hannu. Ba zan ce miki ta yi kuskure ba. Wani mako abin da yake samu ya fi buhun, wani mako bai kai ba. Kaba sai an ɗauko ta a jaki daga kwari, mai jakin kuma ba neman lada yake ba. In damina ta sauka makiyaya za su bi tafkuna, ba mai neman igiyar rijiya. Masu zuwa roƙon tiya sun ɗauke ƙafa, wannan ya yi masa ciwo ko da bai faɗa ba. Na gaya wa Iya muddin akwai hatsi a rumbunmu akwai a nata. Na yi alkawarin da bakinki, na san ba za ki ƙaryata ni ba.

Buhun ƙarshe da ya ƙare, ya kakkaɓe shi ya ninke, shi ne shimfiɗarsa yanzu a kasuwa, kusa da masu guga, turkensa a gabansa. Da ya tashi aiki ran nan ya je rumfar Tani ya miƙa kuɗi. Ta dube shi, ta dubi hannun, ta karɓa. Ya ce gyara fa? Ta ce ba ta yi wa masu sana'a gyara, su da ke tsuga wa mutane tsada. Tun ranar ba wanda bai ba labarin ba, har liman. Wai an cuce shi, furar ma ruwa ce tsululu. Kullum kuma can za ki same shi ana cutarsa.

Abatcha zai ba ki wata 'yar igiya, ta shanya ce, don tsummokaran angon. Fannami ya ce in rubuta miki da manyan baƙaƙe cewa shi ya tufka. Ki dawo haka nan, ki yi mini faɗan a gida.

Naki, turken ƙanenki,
Buraima