Yagar Tsoka da Noman Farko

Daren Talata, sati uku da shuka

Yau likita ya duba sharaɓata. Ya ce tsoka ce ta yage, in daina bari Yaya Sule yana murza min.

"Malam Habu, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta kwance a gefen tsoka. Rauni ke tashin su, su yawaita, su haɗe da juna su ɗinke wurin. Ka ba su sati shida."

Sati shida! Ciyawa ta fara shaƙe min gero.

Na ce ashe gayya suke yi. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Gayya sai da tuwo, rumbuna kuwa babu ko dami ɗaya.

Gobe zan ɗaure ƙafar in ɗauki fartanya. Su yi haƙuri da ni, yara za su ci abinci.